Daren da na ceci ran mai barci

Tunda dai labarin ya riga ya zaga unguwar Shara Mansur nan Makka har wata 'yar ajinmu da ke Jidda ta kira ni wai da gaske ne na karya wa tsohuwa haƙarƙari, gara ku ji daga bakina. Ban karya komai ba jama'a, an ɗauki hoton ƙirjin an duba, ko tsagewa babu.

Kun dai san na gama karatun nas, shekara huɗu a aji ga shekarar imtiyaz ta koyon aiki a asibiti, na ci jarabawar lasisi, Umma ta raba waina, aka ɗauke ni aiki a wani asibiti nan Makka da ba zan kama sunansa ba. Aka jefa ni ɗakin mata aikin dare, bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, ga lokacin Umara gadaje cike da baƙi. A imtiyaz kullum akwai wata tsaye a bayanki, ko allura kika zuƙo sai ta duba kafin ki tsira wa mutum, yanzu kuwa sunanki ne a allo gaban lambar gado, duk abin da ya faru ke za a nema. Tun daga gida nake fara jin cikina yana juyawa.

To akwai wata Hajiya Basakkwata a gadon bakin taga, ta zo Umara ciwon huhu ya kayar da ita, zuciyarta kuma tana ɗan tsallake bugu shi ya sa aka jona mata na'ura, wayoyi a manne a ƙirji da ɗan matsin nan na yatsa mai auna oksijin. Mun shaƙu sosai don a ganina ni kaɗai ke jin Hausa cikin ma'aikatan wajen, ɗiyata take ce min, har goro ta taɓa ba ni a ɓoye.

Wajen ƙarfe uku na dare ina zaune ina cike takardu, rabona da abinci tun la'asar, sai na ji na'ura na kuka. Na zabura na yaye labule, na kalli allon na'urar, layin nan da ya kamata yana hawa yana sauka ya miƙe sambal. Hajiya kuma kwance rigingine, mayafi a fuska, hannaye a kan ciki, ko motsi babu.

Yanzu dan Allah ku tsaya ku ji abin da aka koya mana, don kar a ce ba a koya ba. Ba a ba ki aiki sai da katin ceton rai na ƙungiyar likitocin zuciya ta Saudiyya, kuma lokaci-lokaci ake sabunta shi. Abu na farko ki bubbuga kafaɗar mutum ki kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba ki kira agaji ki duba numfashi ki taɓa jijiyar wuya, kar ki wuce daƙiƙa 10. Sai kin tabbatar babu sannan ki fara danna ƙirji, 30 a busa numfashi 2, saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Na haddace wannan, ko daga barci aka tashe ni zan karanto, a kan mutum-mutumin roba har yaba min aka yi. Amma a daren nan duk na farkon ya fice min a kai, abin da ya rage kawai danna ƙirji.

Na mari shuɗin maɓallin bango, lasifika ta ɗauka kod bulu ɗakin mata kod bulu ɗakin mata, asibiti gaba ɗaya yana ji. Na fizge filo na yar, na ɗora gwiwa a bakin gado, na sarƙe yatsu na miƙe hannuwa yadda aka koya, na yi bisimilla na danna da iya ƙarfina.

Wallahi har yanzu in na rufe ido ina ganin yadda mayafin nan ya yi sama. Ido biyu jajur suka buɗe daidai fuskata, ba nisa, har ina jin ƙamshin man zafin da ta shafa. Ta ja wani irin numfashi ta saki salati da muryar da na tabbata an ji ta har bakin titi, ni kuma hannuna bai samu labari ba ya sake dannawa. Sai ji na yi tas a kumatu. Tsohuwar da da rana sai na riƙe mata kofi take shan ruwa, ita ce ta mare ni har niƙabina ya koma gefen kunne. Ta cafke min wuyan hannu ta tashi zaune tana haki tace "Ke ɗiyar nan mi na yi miki? Wa ya aiko ki?" Nace Hajiya ashe kina da rai. Eh, haka nace. Duk maganar da ke duniya ita ce ta fito daga bakina. Tace "Da uban wa ya ce miki na mutu? Na roƙi Allah Ya ɗauki raina a Makka amma ban ce Ya turo ki ba!"

Daidai nan ƙofa ta bugu. Keken kayan ceto a gaba ana turo shi a guje, likitan dare, likitan sa barci da ya sauko ta matattakala don bai jira lif ba yana ta haki, sistoci biyu daga ɗakin kulawa ta musamman, mushrifa mai sa ido kan aikinmu, har mai gadi ya leƙo. Suka tarar da gawar tawa zaune tana zazzaga masifa, ni kuma gwiwa ɗaya har yanzu a kan gado don ta ƙi sakin hannuna. Aka yi tsit. Wata ma ta riga ta yage ledar abin da ake manna wa ƙirji a ba da shokin, tana riƙe da shi a sama ta rasa inda za ta kai shi.

Babbar sistarmu 'yar Filifin, kun san ta ba ta faɗa, da ma ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta zagaya a hankali ta ɗaga zanin gado, ga wayoyin nan an naɗe su tsaf an ajiye a gefe. Ta bi ɗaya wayar ta jawo, sai ga ɗan matsin yatsan an maƙala shi a jikin carbi. Ta ɗaga shi sama da carbin yana reto kowa ya gani. Sannan ta ɗora yatsa a kan allon na'urar, daidai inda aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa wayoyi sun cire, ta kalle ni ba ta ce uffan ba. Kukan ma ashe daban ne, na tsayawar zuciya ja ne mai gigitarwa, wannan kuwa ɗan ƙaramin nan ne na a zo a gyara waya. Hajiya tace ita ta tashi nafila ne a zaune, "ya za a yi in gana da Ubangijina da wayoyi a jiki kamar rediyo", ga gam ɗin yana sa ta ƙaiƙayi, ta idar barci ya sace ta.

Sista ta tambaye ni me take cewa, nace tana cewa ba komai ta yafe. Ina rufe baki likitan dare, wani dogon Basudane da kullum Larabci muke yi da shi, ya durƙusa gaban gado yace "Sannu Inna, ki yi haƙuri, yarinya ce sabuwa." Da Hausa. Hausa tas. Ashe ɗan Mai Wurno ne can kusa da Sinnar, jikan mutanen da suka yi hijira gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, duk zagin nan ya ji shi tun daga uban wa, ya kuma ji ƙaryar da na yi. Hajiya tana jin haka ta manta da ƙirji, aka shiga lissafin dangi, wane ya haifi wane, wa ya bi Mai Wurno ɗan Attahiru wa ya dawo gida, ƙarfe uku da rabi na dare ina tsaye da shatin yatsu a kumatu suna ƙulla zumunci. Da suka gama ta sake kawo masa ƙarata tun daga farko, har da kwaikwayon yadda nace ashe kina da rai.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Wadda ba zan yafe wa ba ita ce mai jinyar gadon kusa. Kun gane ta, mai tuwon alhazai a Misfala, wadda ta taɓa aiko a tambaya wa ɗanta aurena Baba yace karatu nake. Tun ranar da ta gan ni da farin kaya a ɗakin take min wani kallo, in na zo auna yayarta sai tace a hankali dai 'yar makaranta. Matar nan duk daren duniya minshari take tun sha ɗaya, ƙarin ruwan yayarta ya ƙare ba ta taɓa lura ba sai na zo da kaina, amma ranar idonta tar, ta yaye labule ta gyara zama har da jawo kujera. Ina kallonta ta kai waya baki tana raɗa. Ba ta ɗauki bidiyo ba don ta san za a kore ta, murya ta tura a WhatsApp, guda nawa Allah kaɗai Ya sani. Kafin kiran asalatu labarin ya isa unguwa, a na farko na hau ruwan cikin tsohuwa, a na biyu haƙarƙari ya karye, wanda ya isa wajen goggona a Hindawiyya kuwa har an kira 'yan sanda. Kuma wai ita ce ta ƙwaci Hajiya a hannuna. Ita da ko tashi daga kujerar ba ta yi ba! Da za ta fita sallar asuba ta wuce ta gabana tace sannu da aiki likita.

Na cike takardar rahoton kuskure hannuna na rawa, mushrifa tace ba kora ba ce ba kuma yankan albashi, ana rubutawa ne don a gyara, za dai a mayar da ni in sake horon ceton rai. Tace mara lafiya ake fara kallo kafin na'ura, nace na'am. Daga nan na shige sito tsakanin kwalayen ruwan ƙari na sha kukana. Wata sista 'yar Indiya da ta kusa ritaya ta same ni a can da shayi mai madara, ta zauna a kan kwali ta ba ni labarin nata na shekarar farko, wanda ta sa na rantse ba zan faɗa ba, amma wallahi ya fi nawa muni nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da ya sa na iya miƙewa na ƙarasa daren.

Na iso gida Umma na bakin ƙofa da waya a hannu, ba ta ma bari na cire takalmi ba tace da ran matar dai ko? Ƙannena kuwa yanzu ba wanda ke yarda ya yi barci a falo in ina nan, ƙaramin in ya kwanta sai ya ce Yaya ina da rai fa. Injin wanki in ya yi ƙararsa ta gamawa sai gabana ya faɗi. A wajen aiki na koma ɗaya gefen, duk wadda na ga ta cika yin shiru sai na bubbuga kafaɗarta, har wata Baturkiya ta kai ƙara wai ba na barin ta barci.

Hajiya an sallame ta lafiya lau, kafin ta tafi ta hana kowa cire mata allurar hannu sai ni, wai gara wadda ta sani, amma tace in tsaya daga gefe inda take ganin hannuwana duka biyu. Mai tuwo kuma har yau babbar kular Umma tana wajenta tun bikin yayata, nace a aika a karɓo Umma tace a bari ƙura ta lafa tukuna.