Layin ninki a tsohuwar fastar fim ba aibi ba ne

Sababbin shiga harkar tara tsofaffin fastocin fim kan guje wa mai layin ninki, wai ta lalace. Ba haka ba ne. A Amurka, har zuwa farkon shekarun 1980, a ninke kamfanin National Screen Service ke aika fastoci masu faɗin inci 27 da tsawon inci 41 gidajen sinima.

Ɗauki fim ɗin The Pawnbroker na 1964, labarin Bayahuden da ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi yake riƙe da shagon jingina a unguwar Harlem ta birnin New York. Fastarsa ta asali a ninke aka raba ta. Wadda ka gani sumul tana sheƙi ita ce abar tuhuma, don galibi sabon bugu ce. Abin dubawa shi ne ko takardar ta yage a kan layin.