Kafin a rantsar da yaran shago, a duba wa ke riƙe da makullin manhaja

Makon jiya wani ɗan kasuwa da nake taya duba lissafi a nan Gombe ya gano giɓi a sitonsa. Kaya sun fita, rasit ɗinsu babu shi a kwamfuta. Nan take ya tara yaran shago aka rantsar da su, sannan ya aika a sayo kyamarori. Abin ya ɓata min rai, domin haka ake yi daga Tudun Hatsi har kasuwar Wunti a Bauchi, a bar jaki ana dukan taiki.

Na ce masa, "Alhaji, don Allah a ba ni rabin awa da manhajar nan." Kowace manhajar lissafi ta kirki, Sage ce ko QuickBooks ko Tally ko Odoo, tana nuna sunayen masu shiga da abin da aka yarje wa kowa ya taɓa. Muka jera su a jadawali cikin Excel, manhajar jera bayanai layi-layi: suna, matsayi, wa ke iya sauya farashi, wa ke iya goge rasit, wa ke amincewa a biya kuɗi. Muka ɗauko takardar albashi muka gwada. Sunayen cikin manhaja sun fi ma'aikatan yawa. Akawun da ya bar aiki tun bara, ƙofarsa na nan a buɗe. Yaron da ya girka manhajar, izininsa daidai da na Alhaji. Masu karɓar kuɗi su huɗu da suna ɗaya suke shiga, kalmar sirrin ma tana rubuce a 'yar takarda manne a jikin tebur.

Wace kyamara ce za ta ga wannan? In manhajar tana kan intanet, mutum yana kwance a ɗakinsa zai shiga da tsakar dare ya goge abin da ya ga dama.

Amsar da nake sha ita ce, "Ai ɗan ƙanwata ne, amana ce tsakaninmu." Wannan magana ta gaji da cutar da mutane. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai ake wa magana. Rubutu bai taɓa rage amana ba. Abin da masu wannan hujja suka kasa gani shi ne, yaro mai gaskiya ne ya fi kowa buƙatar a ba shi sunansa shi kaɗai. Mutum huɗu a suna ɗaya, in ɗaya ya yi ɓarna, uku sun ɗauki zargi har gidajensu, babu abin da zai wanke su. Wanda kuma aka bar masa ikon shigar da sunan mai kawo kaya tare da ikon biyansa, an ɗora masa jarrabawar da bai nema ba.

Masu tallar manhaja za su ce Excel tsohon yayi ne, a sayi sabon tsari; sabon ma da kalmar sirri ɗaya za a raba shi cikin mako guda.

Akwai kuma hukuma. Tun 2023 Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a. Lambobin wayar abokan ciniki da bashin da ake bin su suna cikin manhajar nan, tsohon ma'aikaci yana iya kwashe su, kuma mai shagon ne zai amsa tambaya.

Abin da nake so bai da yawa. Duk wata uku a fitar da jadawalin nan, mai dukiya ya zauna da gilashinsa ya bi layi-layi da kansa, kada ya bar wa wanda ya girka manhajar ya duba kansa da kansa. Ranar da aka sallami mutum, a rufe sunansa kafin ya kai bakin titi.

A shagon Alhaji ranar muka rufe sunayen da ba su da masu su, kowane mai karɓar kuɗi ya samu nasa. Yaran da aka rantsar a gaban jama'a kuwa, har yau ba wanda ya ba su haƙuri.