Mai Tare Mutane Kan Bel, Ya Fara Koyon Yadda Ake Ɗaure Yaro

Abin da aka yi wa wata baiwar Allah a shingen bincike kwanan nan ya isa ya hana mutum runtsawa. Duk mai riƙe sitiyari ya san zafin tsayuwa a gefen titi ana yi masa tsawa kamar an kama ɓarawo, mun daɗe muna haɗiye wannan. Amma ita matar nan komai nata daidai yake, kuma a kan daidai ɗin aka ci mutuncinta.

Ta ɗaura bel ɗinta. Ƙanwarta na gaba, ita ma a ɗaure. Jaririnta ɗan wata bakwai yana baya cikin kujerar yara, an kafa ta tana kallon bayan mota. Jami'in ya ɗaga hannu ta tsaya. Babu sallama, sai ƙwanƙwasa gilashi da ƙarfi.

"Ke, sauke."

Ta sauke. "Sannu da aiki, Yallaɓai."

Bai amsa ba. Ya leƙa baya, ya yatsina fuska. "Wannan fa? Wa ya koya miki ɗora yaro a juye, ya ba hanya baya?"

"Yallaɓai, haka ake kafa ta. Bai kai shekara ba, wuyansa bai yi ƙwari ba. Ga hoton nan ma a jikin kujerar."

"Au, ni za ki koya wa aikina? Juya shi ya kalli gaba, ko ki ciro shi ki miƙa wa wannan ta riƙe."

"Don girman Allah ka duba hoton."

"Kin cika baki. Gyara tsayuwa, kashe mota, ba ni lasisi. Yau za ki san akwai doka."

Ta kashe. Zafi ya cika motar, yaro ya farka yana tsala kuka. Ana cikin haka wata motar haya ta iso, yara uku a cinyoyin manya, ɗaya ya dafa kujerar direba a tsaye. Hannu kawai aka ɗaga mata ta wuce. Can wani abokin aikinsa ya raɓo ya yi ƙasa da murya: "Hajiya, ki yi abin da ya kamata mana ki tafi." Ba ta juya kujerar ba, ba ta kuma ba da komai ba, sai da suka gaji da shanya ta suka jefo mata lasisin ta taga.

To Yallaɓai, tunda ka ƙi kallon hoton, ga abin da ka umarce ta da shi. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuwa ba su gama haɗewa ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗauri zai riƙe gangar jiki, kai ya yi gaba shi kaɗai, wuya ya miƙe fiye da yadda laka za ta iya jurewa. Idan yana kallon baya, jikin kujerar ne yake tallafar kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce yaro ya ci gaba da kallon baya har ya cika wata 15 aƙalla. A Suwidin iyaye kan bar su haka har wajen shekara huɗu.

Umarninka na biyu ya fi muni. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki kan ninka kusan sau 30, wato jariri mai kilo 8 zai fizge hannun mai riƙe da shi da ƙarfin da ya haura kilo 200. Wace mace ce za ta riƙe wannan? Ga kuma jakar iska da ke ɓoye a gaban kujerar fasinja, wadda kan fashe da gudun da ya kai kilomita 300 cikin awa. Nan ka ce a kai ɗan wata bakwai, da sunan doka!

Kada wani ya ce ina adawa da dokar ɗaura bel da kujerar yara. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, shi ya sa raina ya ɓaci. Tun 1959 Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo bel mai maɗauri uku da muke amfani da shi yau, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta wajabta ɗaura shi a 1970. Birtaniya ta wajabta wa na gaba a 1983, manyan da ke baya a 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel kan rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kujerar yara kuwa kan rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari, kuma hatsarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Inda aka ɗauki abin da gaske, dokar tana da lambobi. A Birtaniya yaro na cikin kujerarsa har ya cika shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. A Jamus santimita 150 ne. Direba ya san iyakarsa, jami'i ya san tasa, babu wurin musu. Ƙasashen da dokarsu ta kujerar yara ta cika sharuɗɗan Hukumar Lafiya ta Duniya ba su kai 40 ba. A sauran wurare, ko dai babu dokar, ko an rubuta ta a dunƙule an bar wa mai kaki ya fassara yadda ya tashi da safe. Gwamnatin da ta saki mutum kan titi da littafin tara ba tare da ta zaunar da shi ko na yini ɗaya ta nuna masa kujerar yara ba, ita ce ta fara karya dokar.

Me jami'in zai koya da ya gagara? Ya nemi tambarin inganci a jikin kujerar, galibi ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira, ya karanta nauyi ko tsayin da aka yi ta dominsa. A tsohuwar ƙa'ida ta R44, kujerar jarirai ta tsaya a kilo 13, mai bi mata daga 9 zuwa 18, mai ɗaga yaro sama daga 15 zuwa 36. Ya kama kujerar daga inda bel ko ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX suka riƙe ta ya girgiza, idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta kafu ba. Ya tsunkuli maɗaurin a kafaɗar yaro, idan ya naɗu tsakanin yatsu, ya yi sako-sako. Ya duba ko ya murɗe, domin murɗaɗɗen maɗauri yana tara ƙarfin karo wuri guda ya yanki jiki. Mai kallon baya, maɗaurin ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Mai kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan, kuma a ɗaure igiyar saman kujerar a ƙugiyarta don kada kai ya yi nisa. Sabon haihuwa a kishingiɗar da shi kusan digiri 45, in ba haka ba haɓa za ta faɗa kan ƙirji numfashi ya toshe. Rigar sanyi mai kauri a cire ta kafin a ɗaure, don takan lotse a lokacin karo ta bar gurbi.

Babban yaro kuma, bel ɗin manya ba ya yi masa sai ya iya jingina bayansa sosai gwiwoyinsa suka lanƙwashe a bakin kujera. Kafin nan, na cinya zai hau cikinsa maimakon ƙashin ƙugu, ranar hatsari ya yaga hanji. Na kafaɗa zai goge shi a wuya, sai ya tura shi ƙarƙashin hammata, amfaninsa ya tafi. Mai juna biyu ma ta ɗaura, na cinya ya bi ta ƙasan ciki.

Duk wannan wa ya taɓa faɗa wa iyaye? Ana ba mutum lasisi ba a tambaye shi kalma ɗaya a kai ba. Ana shigo da kujerun jabu, tsumma da igiya kawai, ana sayarwa a fili babu mai hanawa. Na gwanjo kuwa ba a san hatsarin da suka sha ba, alhali kujerar da ta taɓa shiga karo mai ƙarfi ta gama aiki ko da ido bai ga tsagewa ba, masu ƙera su ma kan yanke musu wa'adin shekara shida zuwa goma. Motocin haya an cusa bel ɗin baya ƙarƙashin kujera, wasu an yanke shi, kuma a haka suke samun takardar shaidar lafiya. Wa ya sa hannu? Manya su wuce da jiniya babu wanda ya ɗaura, ba mai iya ɗaga musu yatsa, sai macen da ke tuƙi da jaririnta ce za a gwada wa ƙarfi.

Mu ma da laifinmu, kuma babba. Sai an hango shinge a ja bel a riƙe da hannu, ana wucewa a saki. Wani ya soke shi ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Uba ya ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, ƙirjin yaro na taɓa sitiyari, ya ce ai tafiyar ba nisa. Ka yi magana a ce komai na Allah ne, alhali an hore mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Na baya ya ce shi ba ruwansa da bel, bai san ranar karo jikinsa ne zai danne na gabansa ba.

Hukumomi su rubuta shekaru da tsayi da nauyi ƙarara, su sa a jarrabawar lasisi, su tare kujerun jabu tun daga tashar jiragen ruwa, su ƙi ba motar haya takarda sai kowace kujera na da bel mai aiki. Jami'in da bai iya kafa kujerar yara da hannunsa ba a janye shi daga titi har sai ya iya, wanda kuma ya umarci uwa ta kai jariri gaban jakar iska a hukunta shi a fili, a faɗi laifinsa kowa ya ji.