A takardarsu, gidana gonar dawa ce

Jiya na yi awa huɗu a kan benci a ofishin ƙaramar hukuma, daga ƙarshe wani yaro da bai kai ɗana na fari ba ya sanar da ni cewa unguwarmu babu ita. Unguwar da nake kwana nake tashi shekara goma sha huɗu a bayan garin Kano, mai masallacin Juma'a da injin markaɗe biyu da makabartarta, wai babu ita.

Ruwan watan jiya ne ya kayar mana da katangu, aka ce masu asara su je su rubuta suna. Na ɗauki hotunan ɓarna a waya, na hau adaidaita biyu, na isa ofishin tun mai shara bai gama ba. Sai dab da azahar aka kira ni. Yaron yana ɓare gyaɗa a kan fayil, idonsa a waya.

"Baba, wace mazaɓa?"

Na faɗi sunan unguwa.

"Ban tambaye ka unguwa ba. Mazaɓa na ce."

Na ciro katin zaɓe na miƙa da hannu biyu, kai ka ce gaisuwa na kai fada. Ya karɓa da yatsu biyu, ya dubi jerin lambobin nan na jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da rumfa, ya turo mini shi da gindin biro.

"Wannan ai ba namu ba ne. Ƙaramar hukumar can za ka je."

"Ranka ya daɗe, can na fara zuwa ranar Litinin. Sun ce ƙuri'ata tasu ce, amma gidan a ƙasarku yake. Kwalbati ne iyaka, ni kuma ina tsallake."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya jawo wata taswira daga ƙarƙashin tebur, ta yi ja don tsufa, gara ta cinye mata kusurwa. Ya ɗora yatsa mai maiƙo a kan wani fili fari fat.

"Nan kake nufi? Baba, nan gona ce."

"Gidana ne."

"To a nan dai gona ce. Ka ga gida?" Ya leƙa wajen abokin aikinsa. "Zo ka ga dattijon da katangar gonarsa ta faɗi."

Suka yi dariya mai isarsu, ni ina tsaye da hula a hannu. Na ce masu karɓar harajin shago ba su taɓa ɓatan hanyar gonar nan ba. Ya ce wannan wani sashe ne daban. Na ce to yanzu ina zan nufa? Ya hure ɓawon gyaɗa daga kan fayil, ya ce, "Ka jira a yi ƙidaya. Na gaba!"

In jira a yi ƙidaya! Madalla da wannan nasiha, Allah ya ƙara ilimi. Rabon da a ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, Kano tana da miliyan 9.4. A lokacin, gaskiyar yaron ne, dawa ake shukawa a inda gadona yake. Jariran shekarar sun yi gemu, wasu sun yi aure. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, samari sun zaga da na'ura suna shata yankunan ƙirga, ana saura kwanaki aka ɗage. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Kuma da wannan tsohon lissafi ake kintacen yawanmu, da yawan jama'a ake duba kason kuɗin ƙaramar hukuma, da shi ake tsara ajujuwa da allurar rigakafi. Gona ba ta buƙatar aji.

Amma ranar zaɓe kowa ya san hanyar gona, har da mai jiniya. A 2021 an ƙara rumfunan zaɓe 56,872, suka zama 176,846, karo na farko tun 1996. Wurin jefa ƙuri'a an san ya yi kaɗan. Mazaɓu kuwa suna nan 8,809, Kano tana da 484 a ƙananan hukumomi 44, gari ya tumbatsa ya tsallake layi, layi bai motsa ba. Ƙananan hukumomi 774 an jera sunayensu cikin kundin tsarin mulki na 1999, taɓa su sai an gyara kundin. Kundin nan ya yi maganar sake duba iyakokin kujerun majalisa, amma wane ɗan majalisa ne zai so a sake yanka gonar da yake ci? Kansilan da na zaɓa ya ce ba a yankinsa nake ba. Wanda nake yankinsa ya ce ban zaɓe shi ba. Dukkansu sun yi gaskiya, shi ya fi ƙona mini rai.

Mu ma ba kanwar lasa ba ne. Ƙidaya a ƙasar nan ba ta wuce faɗan Kudu da Arewa: an yi rigima kan ta 1963, an soke ta 1973 ɗungurungum, Legas ta ƙi yarda da ta 2006. Kowa so yake a ƙirga masa har kaji. Ni kaina da nake wannan babatu, motar wani mai neman kujera ce ta kwashe mu lokacin rajista, ta tsallaka da mu kwalbati, aka ba mu lemo da kuɗin cefane. Wannan lemon ne na biya kuɗinsa jiya a kan benci.

Katanga tana nan a kwance. Na kafa itace na ɗaura buhuna, iyali suna alwala a bayan labule, akuyar maƙwabci kuma tana shigowa safe da yamma ba sallama. Ita ma, da alama, taswirar yaron nan ta gani.