Kafin mu roƙi a mai da ATBU jami'ar gama-gari

Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, maganar nan sai ta taso a Bauchi: a mai da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta gama-gari kamar Bayero ko Maiduguri, a buɗe sashen shari'a da aikin jarida da kimiyyar siyasa, yaranmu su daina zaman gida. Masu faɗar haka ba maƙiyan jami'ar ba ne. Cikinsu akwai dattawan gari, akwai malamai, akwai iyayen da 'ya'yansu suka gaji da rubuta JAMB. Ina jin zafin da suke ji, amma ni dai ban goyi baya ba.

Da yawa daga cikin masu muhawarar ba su san da wace niyya aka haifi makarantar ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa ta, da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, tare da ta Makurɗi da ta Owerri. Sannan Yola da Akure suka biyo, daga baya Minna da Abeokuta. Tunanin lokacin a fili yake: ƙasa tana gina masana'antu da kuɗin mai, tana buƙatar injiniyoyinta na kanta. A Bauchi kaɗai ga kamfanin Steyr yana harhaɗa taraktoci da manyan motoci, ga simintin Ashaka, wanda a lokacin a cikin jihar Bauchi yake tunda ba a cire Gombe ba sai 1996. Farfesa A. O. Adekola, injiniyan gine-gine daga Jami'ar Legas, shi aka damƙa wa aikin kafa ta, ɗaliban farko kuma suka shigo a 1981.

Ko shekara biyar ba ta yi ba kuɗin mai ya faɗi. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ce ba za ta iya riƙe su duka ba, aka liƙa Bauchi a ƙarƙashin Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin kwaleji, Yola aka ba Maiduguri, Makurɗi aka ba Jos, Abeokuta aka ba Legas. A nan ne sunan Tafawa Ɓalewa ya shigo. Sai 1988, zamanin Babangida, ta koma cin gashin kanta. Makurɗi da Abeokuta a wannan rabon aka mai da su na aikin gona. Yola ma a 2021 ta zama ta gama-gari. Ke nan cikin huɗun da aka kafa a Arewa a wancan zamani, saura Bauchi da Minna ke kan turbar farko. Wannan kaɗai ya isa mutum ya ɗan dakata kafin ya sa hannu a takardar koke.

Wanda bai taɓa zama a jami'ar fasaha ba bai san tsadarta ba. Digiri shekara biyar ne, ba huɗu ba. A shekara ta huɗu ɗalibi kan bar aji ya tafi wata shida neman sanin makamar aiki, abin da suke kira SIWES, ya dawo da littafin da ya cike da hannun mai kula da shi. Aji ɗaya na injiniya yana buƙatar wakshop, da injin lais, da ɗakin gwaji, da sinadaran da sukan ƙare, da wutar da ba ta ɗaukewa tsakiyar gwaji, da ma'aikacin da ya san yadda ake kunna na'urar ba tare da ya ƙona ta ba. Kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, za ta zo ta duba, in ba ta gamsu ba ta hana izini. Ajin kimiyyar siyasa kuwa, ba raini ba, babban zaure da lasifika da ɗakin karatu sun ɗauki mutum ɗari biyar. To shugaban jami'ar da ke fama da kuɗin lantarki da dizal, wanne zai fi so ya faɗaɗa? Ba sai mun ce mugu ne ba. Lissafi ne zai ja shi. Shekara goma ba za ta cika ba sai ka tarar sashen injiniya ya koma ɗan rakiya a gidansu.

Kuma mu faɗi gaskiya, ai tun tuni ƙofar a buɗe take rabi. Akwai tsangayar harkokin gudanarwa, akwai ta koyar da malamai, ga kwalejin likitanci da asibitin koyarwa. Shi ya sa a 2017, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnati ta umarci irin waɗannan jami'o'i su koma kan abin da aka kafa su dominsa. An yi ta guna-guni. Ni a ganina likitanci bai saɓa ba, kimiyya ce, kuma Allah ya sani muna buƙatar likitoci. Amma akwai iyaka.

Sai babbar hujjar, wadda ita ce ta fi ciwo: wai 'yan jiha ba sa samun shiga, baƙi sun cika makaranta. Na farko, ta tarayya ce, yaron Filato da na Kogi da na Oyo yana da haƙƙi a cikinta, kuma cuɗanyar nan da ake yi a unguwannin ɗalibai na Yelwa da Gwallameji tana cikin abin da ke buɗe wa yaranmu ido. Na biyu, ku je sakandaren gwamnati a ƙauyukanmu ku tambayi malamin Physics. Wata makarantar babu shi sam, wata mai hidimar ƙasa ne da zai tafi bayan wata goma sha ɗaya. Yaro ya gama aji shida bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa. Irin wannan yaron ba jami'a ce ta rufe masa ƙofa ba, tun yana aji uku aka rufe ta, ranar da aka tura shi ajin Arts ba don yana so ba sai don babu mai koya masa lissafi. Kano ta gane haka tun 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma kowa ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Mai son shari'a ko jarida kuwa, ga jami'ar jiha ta Gaɗau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. A zuba mata kuɗi mana.

Kada a ɗauka wanke ATBU nake yi. Ita ma tana da tambayar da za ta amsa. Makarantar da Farfesa Buba Bajoga ya shugabanta kafin ya riƙe kamfanin sadarwa na NITEL, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya jagoranta kafin ya tafi Hukumar Makamashi ta Ƙasa, wadda Isa Ali Pantami ya yi karatun kwamfuta kuma ya koyar a cikinta, ba ta rasa mutane ba. Amma me mai walda a kasuwar Muda Lawal ya ƙaru da shi? Kowace shekara ɗalibai na ƙera injin ɓarar gyaɗa, da na casar masara, da na busar da tumatir da hasken rana. A ba su maki, a ɗauki hoto, a jingine a bayan wakshop tsatsa ta cinye, manomi kuma yana can yana sayen na Sin. Ga yajin aiki: na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, shekara biyar ta zama shida ko bakwai, wanda ya koyi abu ya manta. Ga zirga-zirga tsakanin harabar jami'ar ta Yelwa da ta Gubi da ke cinye kuɗin mota da lokacin ɗalibi. Duk waɗannan gaskiya ne, sai dai ban ga wanda buɗe sashen kimiyyar siyasa zai magance ba.

A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Ko aikin ya yi sauri ko ya yi nawa, man yana ƙarƙashin ƙasarmu, kuma ATBU tana koyar da injiniyan man fetur, tana da cibiyar binciken mai ta ƙasa a harabarta. In 'yan majalisarmu suna da ƙarfin kai ƙudiri Abuja, ni abin da zan roƙe su shi ne su kai wanda zai wajabta wa kamfanonin da ke Kolmani ɗaukar ɗalibanta SIWES da gyara mata ɗakunan gwaji. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauki malaman Physics da Chemistry da lissafi daga cikin waɗanda jami'ar ke yayewa, ta biya su albashin da zai sa su zauna a Ningi da Dambam da Bogoro. Mai son jami'ar gama-gari ta tarayya a Bauchi, ya nemi a gina sabuwa, zan sa masa hannu gobe.