Kwana tara famfonmu a Lamu bai ɗiga ba

Yau kwana tara ke nan rabon da famfon gidanmu ya kawo ruwa. Da asuba na murɗa shi, ya yi tari sau biyu, ya feso iska, ya yi gum. Rabin buta muka raba ni da mai ɗakina muka yi alwala, yara kuma aka goge musu fuska da jiƙaƙƙen tsumma suka tafi makaranta. Amma takardar kuɗin ruwa ta iso ranar Litinin cif-cif, ko kwana ɗaya ba ta makara ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma na gaji da haɗiye maganar nan.

Shekarata ta huɗu ke nan a unguwar Langoni, cikin tsohon garin Lamu, a gaɓar tekun Indiya ta ƙasar Kenya. Duk inda ka juya a tsibirin nan ruwa ne shuɗi har iyakar ganinka, ga jiragen katako masu filafilai suna kai da komo, ga baƙi daga Turai suna ɗaukar hotuna. Su kwana uku su koma suna yabon gari. Mu da ke kwana muna tashi a cikinsa, tun kafin gari ya waye muke bin lungu da jarkoki, muna jiran jakin ɗan garuwa. A garin nan babu titin mota, lungunan sun yi ƙunci, jaki ne ke ɗaukar komai, daga yashin gini har ruwan sha. Jarka mai lita 20 da nake saya a da, yanzu kuɗinta ya ninka uku, kuma rabin lokaci idan ka kurɓa sai ka ji zartsi ya daki harshenka. Ka dafa shayi da shi ya ƙi daɗi, ka wanke kaya sabulu ya ƙi kumfa, yaro ya sha cikinsa ya ɗauki ƙugi.

Na je ofishin da ke karɓar kuɗinmu har sau uku. Zuwan farko aka ce injin tura ruwa ne ya lalace. Na biyu aka ce wutar lantarki ce. Na uku wani saurayi ya dube ni ya ce, “Ustaz, ka yi haƙuri, rani ne.” Na ce masa, “Ɗan'uwa, ranin bana ne ya fara zuwa Lamu?” Ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, shi ma da jarkarsa a bayan ƙofa.

Wannan uzuri na rani shi ne ya fi ƙona mini rai. Yanayin wurin nan ba ɓoyayye ba ne, ko yaron da ke tuƙa kwale-kwale ya haddace shi. Daga Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, zafi ya tsananta, a Janairu da Fabrairu da wuya ka ga ɗigon ruwan sama. Daga Afrilu iskar kusi ta juyo daga kudu, a yi damina mai ƙarfi har zuwa Yuni, musamman a watan Mayu, sannan a sami ɗan yayyafi wajen ƙarshen shekara. Da waɗannan iskoki biyu kakannin mutanen nan suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai itacen gini da hauren giwa ƙasashen Larabawa da Indiya suna dawowa. Abin da aka san ranar zuwansa tun kaka da kakanni, ta yaya za a ce ya zo wa masu albashi da ofis ba zato?

Kuma mutanen da sun yi tanadi. Mai gidan da muke haya, tsohuwa ce da ta haura saba'in, ta kai ni bayan ɗakinta ta nuna mini wani kwarmin ajiye ruwa da aka gina da dutsen murjani da farar ƙasa, suna ce masa birika. Ta ce, “Ɗana, a nan kakata take tara ruwa, har ƙananan kifaye ake sakawa ciki su cinye tsutsar sauro.” Na ce, “Mama, to me ya sa ya bushe?” Ta ce tun da aka kawo famfo aka ce musu an gama wahala, kowa ya saki nasa. Rijiyoyin cikin gari kuma, waɗanda kusan kowane tsohon masallaci yake da tasa, yawancinsu sun koma zartsi ko masai ya gurɓata su saboda cunkoson gidaje. An raba mutane da dabarar iyayensu, aka ba su bututun da ke hura iska.

Ruwan daɗin tsibirin nan gaba ɗaya daga wuri guda yake fitowa: tuddan yashin Shela, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 12 a bakin tekun kudancin tsibirin. Idan aka yi ruwan sama yashin ya shanye, ruwan ya kwanta a ƙarƙashi, yana yawo a saman ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Rijiyoyin da ke ba gari ruwa a nan aka haƙa su. In ka ja fiye da abin da damina ta zuba, gishiri ya taso daga ƙasa ya cike gurbin, kuma rijiyar da gishiri ya shiga da wuya ta dawo. In ka yi gini a kan yashin, ka toshe hanyar da ruwan sama zai nutse, ka kuma zuba masa ƙazantar bayan gida. Saboda haka ne hukuma ta ayyana wurin a matsayin matattarar ruwa da aka hana taɓawa. Amma shekara da shekaru ana ta rigima kan masu hannu da shuni da ke neman filaye a wurin don gina gidajen shaƙatawa da otal-otal. Mai kuɗi yana son tagarsa ta kalli teku, talakan Langoni ya sha gishiri. Ina adalci a nan?

Wanda yake ganin ina zuzuta magana, ya hau kwale-kwale ya tsallaka tsibirin Manda da ke fuskantarmu, ya je kufan Takwa. Gari ne na Musulmi da ya yi tashe a ƙarni na 15 da na 16, har yau bangon masallacinsa na tsaye. Mutanensa sun watse, kuma cikin dalilan da masana tarihi ke bayarwa akwai komawar rijiyoyinsu ruwan gishiri. Zuriyarsu da yawa Shela suka koma. Kufan yana nan kusa da mu, ana kai baƙi su biya kuɗi su kalla, amma masu yanke shawara kan ruwanmu kamar ba su taɓa jin labarinsa ba.

Duk da haka mu na cikin gari muna da sauƙi. Wani abokina masunci daga Kizingitini da ke tsibirin Pate ya ji ina ƙorafi, ya ce ni ban ga komai ba. A can, da Faza da Ndau da Kiwayu, rayuwa ta dogara ne kan manyan ramukan siminti da ake kira jabiya, inda ake tara ruwan sama. Jabiya ta ƙafe, sai jiran ruwan da za a ɗauko a jirgi daga nesa, ga mashigin Mkanda da ba ya biyuwa idan teku ya janye, ga haukan igiyar ruwa a lokacin kusi. A Kiunga, dab da iyakar Somaliya, sai da wata ƙungiyar agaji daga Amurka ta kafa injin tace ruwan teku mai aiki da hasken rana a 2018 kafin mutane da yawa su san ɗanɗanon ruwa mai tsabta. Ashe abin yana yiwuwa. A ɓangaren tudu kuma, farin 2017 ya ƙafar da tafkin Kenyatta na Mpeketoni, dorinar ruwa suka riƙa mutuwa a cikin laka, manoma da makiyaya suka rasa inda za su sa kansu.

Abin da ke ƙara tunzura ni shi ne, mutanen gundumar Lamu ba su da yawa. Ƙidayar 2019 ta nuna mutum 143,920 ne, mafi ƙaranci a cikin gundumomi 47 na Kenya. Mazaɓun majalisar ƙasa biyu ne kacal, Lamu ta Gabas da Lamu ta Yamma, da mazaɓun kansiloli 10. Tsarin mulkin 2010 ya rubuta ɓaro-ɓaro a sashe na 43 cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwa mai tsabta kuma wadatacce. Tun 2013 aka sauko da mulki ƙasa, kowace gunduma ta sami gwamnanta da majalisarta, aka danƙa mata aikin raba ruwa. Har asusu na musamman aka tanada a sashe na 204 domin yankunan da aka bari a baya, kuma ruwa na cikin abubuwan da aka ambata da suna. Takarda dai ta cika, babu abin da ta rage. To mutum dubu ɗari da arba'in da 'yan kai ne aka kasa shayarwa cikin shekara fiye da goma?

Kada kowa ya ce mini babu kuɗi. A Maris 2012 shugabannin ƙasashe uku, Mwai Kibaki na Kenya da Meles Zenawi na Habasha da Salva Kiir na Sudan ta Kudu, suka zo nan suka aza harsashin katafariyar tashar jiragen ruwa a mashigin Manda, wadda aka tsara za ta sami matsayar jirage 32. A Mayu 2021 shugaban Kenya na lokacin, Uhuru Kenyatta, ya buɗe ta farko. An yashe ƙasan teku, an sare itatuwan gaɓa, an zuba biliyoyi. Masunta fiye da 4,600 da aikin ya raba da wuraren kamun kifinsu sai da suka je kotu, a 2018 aka yanke a biya su shilin biliyan 1.76, suka kuma shafe shekaru suna jiran kuɗin. Tashar ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sayen filaye zuwa garuruwan Mokowe da Hindi da ke ɓangaren tudu, bakunan sha sun ƙaru, tushen ruwan kuwa yana nan yadda yake. Kogin Tana, mafi tsawo a Kenya, yana zubar da ruwan daɗinsa cikin teku a Kipini, nan kudu da mu. Tun zuwana nake jin za a janyo shi da bututu. Har yau ji nake yi.

Garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, garin masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, inda dubban Musulmi daga gabashin Afirka ke taruwa Maulidi duk watan Rabi'ul Awwal, a ce a nan magidanci yake lissafin kofi nawa zai yi wankan Juma'a da shi. Matan unguwarmu ba sa barci, ƙarfe uku na dare suna tsugune gaban famfo ko Allah zai sa ya ɗiga. 'Yata ta makara makaranta sau huɗu a makon nan saboda layin rijiya.

Buƙatata ba ta da yawa. A faɗa mana ranar da ruwa zai zo da sa'ar da zai zo, a kuma cika alkawari. A daina kawo mana takardar kuɗin abin da ba mu sha ba. A tsare yashin Shela daga masu gini, ko su waye. A gyara jabiyoyin tsibirai kafin Afrilu, domin ruwan Mayu ba ya jiran kwangila. Gobe da safe zan koma ofishin nan karo na huɗu, da takardarsu a hannu ɗaya da jarkata babu komai a ɗayan, kuma maƙwabtana shida sun ce tare za mu tafi.