Sai ranar gawa muka san hanyar gidansu

Yanzu na dawo daga gaisuwa, wallahi abinci ma na kasa ci. Abokinmu ne da muka yi karatu tare a Ngaundere, ɗakinsa na jikin nawa a Dang, unguwar jami'a, daren jarabawa shi ke zaunar da mu yana warware mana lissafi. A shekara ta biyu taɓin hankali ya fara masa, sai ya kwana bai runtsa ba yana magana shi kaɗai, wai ana bin sa. Mu me muka yi? Dariya. Wannan ya ce tramol ne, wancan ya ce aljana ce ta aure shi, kullum tsokanar ita ce a sa shi a jirgin ƙasa sai Jamot, asibitin da ake kai masu taɓin hankali. Ƙarshe can ɗin aka kai shi Yawunde, kuma in yana shan magani lafiya lau ake hira da shi, sai dai rawar hannu da yawan barci.

Shekara 12 yana fama a Garwan nan, ban taɓa taka gidansu ba. Bara ya hango ni a bakin babbar kasuwa ya kira ni da sunan da ake tsokanata a aji, bai manta ba, ni kuwa na damƙa masa dala ɗari na haye mashin kamar wanda aka biyo bashi. Kunyar me nake ji? Shi da aka ɗauke wa alƙalami, ni nawa na ta rubutu.

Yau mun cika tabarmi, motoci har bakin titi. Mahaifiyarsa ta dube ni ta ce ɗana ashe kuna gari, kullum sai ya lissafo min sunayenku.

Jama'a mu ji tsoron Allah. Mutum ya karye a mashin mu yi layi a asibiti da lemo da ayaba, zazzaɓin kwana uku ma ana leƙawa, amma taɓin hankali sai a ce wane ai ya haukace, shikenan an rufe babinsa, a bar tsohuwa ita kaɗai da kuɗin magani duk wata da yaran unguwa masu jifa. Kai da ke karanta wannan akwai wani da ya faɗo maka a rai yanzu, na sani. Ka je ka zauna da shi ko bai ce maka uffan ba, ka tambayi iyayensa ko maganin ya ƙare. Don Allah kar ka jira Juma'a, ka je.

Allah Ya jiƙan ka abokina, ka yafe min.